Yadda Ake Ciyar da Aladiya Mai Ciki da Aladu Masu Tasowa

A yawancin gidajen da ake kiwon aladu, daga Kafanchan da Zonkwa har zuwa Zuru, Numan da ƙauyukan Filato, abincin alade dusa ce: dusar masara, dusar burukutu, sai ɓawon rogo ko ragowar tuwo in an samu. Alade zai ci ya ƙoshi ya kwanta, mai kiwo ya ga ciki ya cika sai hankalinsa ya kwanta. Sai bayan watanni sakamakon yake fitowa. Aladiya ta haifi 'ya'ya ƙanana marasa kuzari, rabinsu su mutu kafin yaye, ita kuma ta rame har ta kasa miƙewa. Waɗanda suka rayu su shekara ba su kai girman shiga kasuwar aladu ta Katsit da ke kusa da Kafanchan ba. Dusa tana cika ciki, amma ita kaɗai ba ta gina tsoka, ba ta gina ƙashi. Abubuwan da ke yin wannan aikin 'yan kaɗan ne a cikin buhu, wasu ma da giram ake auna su, kuma su ne aka fi mantawa da su.

Fara da sikeli

Kafin komai, sayi sikeli, ko da ƙaramin mai ƙugiya ne. Mudun dusa da mudun masara ba nauyinsu ɗaya ba, kuma duk ƙa'idar ciyarwa da kilo ake yinta. Auna kwanon da kake ɗiban abinci da shi sau ɗaya, ka san kilo nawa yake ɗauka, ka yi masa alama. Daga nan ba sai ka riƙa aunawa kullum ba.

Kafin barbara

Budurwar aladiya irin ta Turawa ko ruwa-biyu, kada a kai ta wurin namiji sai ta kai wata 7 zuwa 8, kuma a bari sai zuwanta na biyu ko na uku kan neman namiji, wanda yake dawowa duk kwana 21. Idan ta ɗauki ciki tun tana ƙarama, jikinta da 'ya'yan cikinta za su yi ta rabon abinci ɗaya, duka biyun su cutu. Kwana 10 zuwa 14 kafin barbara a ƙara mata abinci zuwa kilo 3 a rana, domin hakan yana sa ta saki ƙwayaye da yawa. Da zarar an yi barbara sai a komar da ita kilo 2.

Haɗin abincin mai ciki

Cikin aladiya kwana 114 ne, wato wata uku, mako uku da kwana uku. Rubuta ranar barbara a bango da gawayi ko a littafi, domin duk matakan da ke gaba da wannan ranar ake ƙirga su.

Mai ciki tana buƙatar abinci mai furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 13 zuwa 14 cikin 100. Masara kashi 9 kawai take da shi, dusarta kuma ba ta wuce haka da yawa ba, saboda haka dole a shigo da wani abu mai ƙarfi. Ga haɗin kilo 100 da kayan da ake samu a wurin masu niƙan abincin kaji:

masara kilo 52
dusar alkama kilo 25
dusar ƙwallon kwakwar manja kilo 10
tunkuzar waken suya kilo 10
garin ƙashi kilo 1.5
garin dutsen lamiston giram 750
gishiri mai aidin giram 500
firimis na aladu (garin haɗin bitamin da ƙananan sinadarai) giram 250

Dawa tana iya maye gurbin masara, gaba ɗaya ko rabi. Tunkuzar gyaɗa kuwa, duk da furotin ɗinta ya kusa na waken suya, tana da ƙarancin laisin, wajen rabin abin da ke cikin waken suya. Laisin wani ɓangare ne na furotin, shi ne yake fara gazawa a abincin hatsi, kuma idan ya gaza, sauran furotin ɗin ba ya amfanuwa yadda ya kamata. Idan tunkuzar gyaɗa ce a hannunka, ƙara giram 150 na garin laisin a kilo 100, ko ka haɗa ta da kilo 2 zuwa 3 na garin kifi. Waken suya ɗanye kuma ba a ba alade. Yana da sinadarin da ke hana narkewar furotin, sai an soya shi ko an dafa, amma kada a bari ya ƙone, domin ƙonewa tana lalata laisin ɗin.

Yadda ake gauraya yana da muhimmanci kamar abin da ake gaurayawa. Giram 250 na firimis ba zai bazu a kilo 100 ba idan an zuba shi haka kawai. Fara haɗa ƙananan kayan, wato firimis, gishiri, garin ƙashi da lamiston, da kilo 5 na garin masara a cikin baho. Ka juya sosai, sannan ka ƙara kilo 15 ka sake juyawa, kana ka zuba a kan sauran tulin a daɓe mai tsabta. Juya tulin da shebur daga wannan gefe zuwa wancan aƙalla sau huɗu. Kada ka haɗa wanda zai wuce mako biyu zuwa uku, musamman da damina.

Nawa za a ba ta, kuma yaushe

Daga barbara zuwa wajen kwana 85, kilo 2 zuwa 2.5 a rana ya ishi aladiya babba. Irin namu na gida masu ƙaramin jiki kilo 1.5 na iya isarsu. A raba biyu, safe da yamma. A makonni uku zuwa huɗu na farko a bar ta ta huta: ban da kora, ban da haɗa ta da baƙuwar aladiya su yi faɗa, domin a lokacin ne 'ya'yan suke kama mahaifa.

Daga kwana 85 zuwa gaba a ƙara mata rabin kilo. Mafi yawan nauyin da jariri zai fito da shi a wannan watan na ƙarshe yake samunsa, hantsa ma a lokacin take shiri. Wanda ya tsuke hannu a nan zai ga jarirai da ba su kai kilo 1 ba, alhali abin da ake so a irin Turawa shi ne kilo 1.3 zuwa 1.5. Jaririn da bai kai kilo ba shi ne ake turewa daga nono, shi sanyi yake fara kamawa, shi kuma uwa take dannewa.

Amma kilo ba ya maye gurbin hannu. Duk mako biyu, ɗora tafin hannunka a kan ƙugunta da ƙashin bayanta. Idan kana ganin ƙashin da ido, ta rame, ƙara mata. Idan sai ka ɗan danna kafin ka ji shi, daidai take. Idan ka danna da ƙarfi ba ka ji komai ba, ƙiba ta yi yawa, rage mata. Mutane da yawa suna alfahari da aladiya mai ƙiba, ni kuwa ina ganin ita ce ta fi ba da wahala: naƙudarta tana daɗewa, 'ya'ya suna mutuwa a ciki, bayan haihuwa ba ta cin abinci sosai, nono ya yi ƙaranci. Wannan ne dalilin da ya sa ya fi kyau kowace mai ciki ta ci a kominta ita kaɗai. In an haɗa su, mai ƙarfi ta cinye rabon mai rauni, ka tashi da ɗaya ta yi ƙiba ɗaya ta rame.

Mai ciki za ta yi ta kukan yunwa ko da an ba ta abin da ya isa. A cika mata ciki da ganye: ganyen dankali, alayyafo, ganyen gwanda, zogale, ɗanyar ciyawa mai taushi. Yana kwantar mata da hankali, yana sassauta kashi, yana kuma ƙara mata bitamin A.

Kalsiyam da fosfaras

A nan ne kiwon dusa yake karyewa. Waɗannan biyun su ne ginin ƙashi, kuma tare suke aiki. Abincin mai ciki yana son kalsiyam kashi 0.75 zuwa 0.9 cikin 100, fosfaras kuma 0.6 zuwa 0.7, wato kalsiyam ya ɗan rinjaya kaɗan. Hatsi da dusa kusan ba su da kalsiyam ko kaɗan. Fosfaras suna da shi, dusar alkama ma da yawa, sai dai mafi yawansa a ɗaure yake cikin wani sinadari da hanjin alade ba ya iya kwancewa, ya bi kashi ya fita. A masara, abin da alade yake amfana da shi bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Jiki ba ya hana 'ya'yan ciki ko nono kalsiyam. Idan babu a abinci, daga ƙashin uwa ake ciro shi, kamar mai zare tubali daga bangon ɗakinsa yana gina wani. A haihuwar fari ba lallai a ga komai ba. A ta biyu ko ta uku, musamman kusa da yaye, sai aladiya ta fara ɗingishi, ko ta zauna a kan ƙugu ƙafafun baya sun ƙi ɗaukarta. Wani lokaci ƙashi ya karye sa'ad da namiji ya hau ta. A lokacin allura ba ta cika gyara komai ba. A ƙananan aladu kuma abin yana fitowa da gwame, kumburin gaɓoɓi da ƙin tasowa.

Garin ƙashi yana ba da duka biyun, kalsiyam ɗinsa ya kusa ninka fosfaras. Lamiston da garin ɓawon kawa kalsiyam kawai suke bayarwa. Saboda haka wanda ya zuba lamiston shi kaɗai da yawa bai magance matsalar ba, ya ma buɗe wata. Idan za ka yi garin ƙashi da kanka, ƙona ƙasusuwan har su yi fari su riƙa marmashewa, sannan ka daka ka tankaɗe. Kada a taɓa amfani da farar ƙasar masu gini. Kanwa ma ba ta maye gurbin garin ƙashi ko gishiri.

Wani abu da ke faruwa a gidajen da ake kiwon kaji da aladu tare: a riƙa ba aladu ragowar abincin kaji masu ƙwai. Wannan abincin kalsiyam ɗinsa ya kai kashi 3.5 zuwa 4, domin ɓawon ƙwai aka yi shi. Ga alade ya yi yawa ƙwarai, kuma yawan kalsiyam yana toshe wa jiki shan zinki.

Ƙananan sinadarai, da yadda rashinsu yake bayyana

Rashin zinki yana sa fatar alade mai tasowa ta yi kauri, ta yi ɓawo ta tsattsage, musamman a ƙafafu, ciki da gefen wutsiya. Ana yawan ɗaukarsa ƙazwa, a yi ta allurar ƙazwa ba sauƙi. Bambancin shi ne mai ƙazwa yana susa ba hutu, yana goga jiki a bango, wannan kuwa ƙaiƙayinsa kaɗan ne. Gyaransa a abinci yake: a rage lamiston, a tabbatar da firimis.

Rashin aidin a mai ciki yana sa a haifi 'ya'ya ba gashi, da kumburin wuya irin na maƙoƙo, wasu a mace. Gishirin girki mai aidin yana maganin wannan. Seleniyam da bitamin E kuma tare suke kare tsoka da zuciya. Idan sun gaza, sai ka ga alade mafi kyau a garke, wanda ya fi saurin girma, ya faɗi ya mutu ba ciwo. Masarar da ta daɗe a rumbu ko ta jiƙe bitamin E ɗinta yana raguwa. Rashin bitamin A yana jawo ɓari, da haihuwar 'ya'ya makafi ko marasa ƙarfi. Jar masara tana da shi, fara kuwa kusan babu, kuma farar ce ta fi yawa a kasuwanninmu. Tsagewar kofato a manyan mata sau da yawa tana da nasaba da ƙarancin bayotin, wani nau'in bitamin, ko da yake daɓen siminti mai kaushi da jiƙa ma suna kawo ta.

Ba wanda zai sayi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Firimis ne ya tattara su. Nemi wanda aka rubuta na aladu ne, duba ranar lalacewarsa, bi ma'aunin da ke jikin leda, ka ajiye shi a inuwa a rufe. A duk buhun abinci babu abin da kuɗinsa ya kai nasa ƙanƙanta idan aka kwatanta da asarar da yake tarewa.

Gishiri kuma giram 300 zuwa 500 a kilo 100 ya isa. Haɗarinsa yana tare da ƙishirwa. Aladen da ya wuni biyu ba ruwa, ko ya ci ragowar abinci mai gishiri da yawa ba abin sha kusa, zai fara zagaye wuri ɗaya, yana dafa kai a bango, yana farfaɗiya. Idan haka ta faru kada a sake masa ruwa ya sha ya ƙoshi lokaci ɗaya, domin hakan yana ƙara kumbura ƙwaƙwalwa. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kira malamin dabbobi.

Ruwa

Mai ciki tana shan lita 12 zuwa 20 a rana, mai shayarwa lita 25 zuwa 30 ko fiye da zafin Maris da Afrilu. Ruwan da aka kwaɓa dusa da shi ba ya shiga wannan lissafi. Komin ruwa daban, a wanke shi kullum.

Makon haihuwa da shayarwa

Mako biyu kafin ranar haihuwa a yi mata maganin tsutsar ciki da ƙazwa bisa shawarar malamin dabbobi, don kada ta shafa wa jarirai. Kwana uku kafin ranar a sauko da abinci zuwa wajen kilo 2, a ƙara dusar alkama da ganye. Taurin kashi a wannan lokaci yana tsawaita naƙuda, yana kuma taimaka wa zazzaɓin da ke kumbura hantsa ya ɗauke nono.

Ranar haihuwa abinci kaɗan, ruwa da yawa. Tabbatar kowane jariri ya sha dakashi a sa'o'in farko, domin alade ba ya samun kariyar jiki daga uwa ta mahaifa, ta dakashi kawai yake samu, kuma bayan kwana ɗaya hanjinsa ya daina karɓarta. Daga washegari a riƙa ƙara wa uwar rabin kilo kowace rana. Ƙa'idar da ake bi ita ce kilo 2 na jikinta, sai rabin kilo a kan kowane ɗa. Mai 'ya'ya takwas ke nan tana neman kilo 6. Abincin ma ya sauya: a cire dusar kwakwa, dusar alkama ta koma kilo 15, masara 60, tunkuzar waken suya 21.5, garin ƙashi 2, sauran ƙananan su tsaya yadda suke. Wannan yana kai furotin wajen kashi 17. Da zafi ba za ta iya cin wannan a zama biyu ba. A raba uku, da sassafe, da yamma, da dare, a ɗan jiƙa shi.

Allurar ƙarfe ga jarirai

Jaririn alade yana fitowa da ajiyar sinadarin ƙarfe, wanda ake gina jini da shi, wajen miligiram 50 a jikinsa. Yana buƙatar kusan 7 kowace rana saboda saurin girmansa, nonon uwa kuwa wajen 1 kawai yake ba shi. A mako guda ajiya ta ƙare. Wanda ke yawo a waje yana tonon ƙasa yana samun nasa, amma na kan siminti ba shi da inda zai samu. A mako na biyu zuwa na uku sai ka ga kunne da hanci sun yi fari fat, yana haki, gudawa ta biyo baya.

A rana ta 2 ko ta 3 a yi wa kowane jariri allurar ƙarfe miligiram 200 a tsokar wuya, bayan kunne. Duba kwalba: idan miligiram 100 ne a kowane mililita, mililita 2 ke nan, idan 200 ne, mililita 1. Yi wa uwa allurar ba ya wadatar da nononta, jariran ne za a yi wa. Inda allura ba ta samu ba, a riƙa zuba musu jar ƙasa mai tsabta da aka haƙo daga inda aladu ba su taɓa zama ba, don gudun ƙwan tsutsa.

Daga kwana 7 zuwa 10 a fara ajiye musu ɗan abinci mai laushi a lungun da uwa ba za ta kai ba. Ba don su ƙoshi ba ne, don hanjinsu ya saba kafin yaye, wanda a ƙananan gonaki ya fi dacewa a mako 5 zuwa 6.

Masu tasowa

Kason furotin da alade yake buƙata a abincinsa yana raguwa yayin da yake girma. Daga yaye zuwa kilo 25, furotin kashi 20, da tunkuzar waken suya wajen kilo 25 a cikin 100 da garin kifi kilo 3 zuwa 5, dusa kuma kaɗan ƙwarai, domin hanjinsu bai iya ta ba tukuna. Wannan abincin yana da tsada, amma kaɗan suke ci, kuma aladen da ya tsumbure a wannan matakin ba ya cika kamo 'yan'uwansa.

Daga kilo 25 zuwa 60, furotin kashi 16 zuwa 17: masara kilo 58, dusar alkama 15, tunkuzar waken suya 18, dusar kwakwa 6, garin ƙashi 1.5, lamiston giram 700, gishiri 400, firimis 250, laisin 150. Mai kilo 25 yana cin wajen kilo 1.2 a rana, mai 40 wajen 1.8, mai 60 wajen 2.3. Bayan kilo 60 furotin kashi 14 ya isa, kuma a nan ne dusar burukutu, dusar masara da busasshen ɓawon rogo suke da wurin zama, su rage maka tsada. Ƙananan kayan dai ba a cire su ko da an ƙara dusa. A ware aladu bisa girmansu, a kuma ba su komi mai tsawon da kowa zai sa baki lokaci ɗaya.

Abin da ba a zubawa a komi

Ɓawon rogo ɗanye yana da guba, sai an shanya shi ya bushe sarai. Tunkuzar angurya ma tana da gubar da ke taɓa zuciyar alade, gara a bar wa shanu. Masara ko tunkuzar gyaɗa da ta yi fumfuna kada a ce ai alade ne zai ci: gubarta tana lalata hanta, tana rage girma, wani nau'inta kuma yana kumbura gaban ƙananan mata ya rikita ɗaukar ciki. Dusar burukutu jiƙaƙƙiya a ba da ita a ranar ko washegari, in ba haka ba a shanya.

Ragowar abincin gidajen sayar da abinci kuwa, musamman in da ɗigon naman alade a ciki, yana cikin manyan hanyoyin da zazzaɓin aladu na Afirka yake shiga garke. Cutar ta yi mummunar ɓarna a Najeriya tun daga 1997, kuma ba ta da magani. Idan dole sai an ba da irin wannan abinci, a tafasa shi aƙalla minti 30 ana juyawa, a bari ya huce, sannan a zuba.